Ɓarauniyar hanya a jijiyar jini: gazawar zuciya da ake warkarwa daga hannu ko cinya

Idan mutum ya zo asibiti a Maraɗi ƙafafu sun kumbura, yana haki, ba ya iya kwanciya rigingine sai ya tara matasai, abin da likita ke fara kawowa a ransa sananne ne: hawan jini da ya daɗe ba a kula da shi ba, ko ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki da lokacin jego, ko lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, ko ƙarancin jini mai tsanani. Galibi kuwa zaton nasa daidai ne. Sai dai akwai wasu ƴan kaɗan da ake sa su cikin wannan layi bisa kuskure. Ana ba su maganin fitsari wata da watanni, kumburi ya sace ya dawo, a yi hoton zuciya a ga tana matsawa da ƙarfinta, kowa ya rasa inda gizo ke saƙar. A wurin waɗannan, naman zuciya lafiyayye ne tun farko. Wata ƙofa ce ta buɗe tsakanin jijiyar da ke kai jini da wadda ke maido shi, a cinya, ko a hannu, ko a hanta, ko a kan jariri, ita kuma zuciya take biyan kuɗin wannan ɓarna har ta gaji.

Dalilin da ya sa ya dace a san wannan ciwo duk da ƙarancinsa shi ne yana cikin ƴan nau'o'in gazawar zuciya da ake iya warkarwa ɗungurungum. Mai hawan jini da zuciyarsa ta buɗe zai sha magani har ƙarshen rayuwa. Mai ɓarauniyar hanya a cinya kuwa, idan aka toshe ta da wuri, zuciyarsa na iya komawa girmanta cikin watanni.

Yadda abin yake faruwa

Zuciyar baligi da ke zaune tana bugawa kamar sau 70 a minti, kowane bugu tana tura kimanin mililita 70, wato wajen lita 5 ke nan a minti. Jinin yana fita ta jijiyoyi masu kauri da ƙarfin matsi, wanda ake aunawa a ce 120 bisa 80, ko 12 da 8 yadda ake faɗa a asibitocinmu. Jijiyoyin suna ta rarrabuwa suna sirancewa har su zama ƙananan da ido ba ya gani, kuma a nan ne nama ke karɓar iskar da yake bukata. Wannan matsatsi na ƙananan jijiyoyi shi ne ke riƙe matsin jini. Daga can jinin ya taru cikin jijiyoyin maidowa, masu laushin bango, inda matsi bai taka kara ya karya ba, ya koma zuciya.

Wanda ya san noman rani a Jiratawa zai gane sauran da sauri. Inji na jan ruwa daga rijiya yana turawa cikin tiyo zuwa fangali. A ce tiyon ya fashe kusa da bakin rijiya, rabin ruwan na komawa inda ya fito. Inji na ta ruri, mai na ƙonewa, mai gona na ƙara masa wuta don fangalin ƙarshe ya jiƙa, amma abin da ke isa ga shuka bai ƙaru ba, kuma injin ne zai fara lalacewa.

A jiki ga yadda sarƙar take. Jini ya sami hanya mai sauƙi, sai ya bi ta ya koma zuciya bai ciyar da kowa ba. Matsin jini ya so faɗuwa. Jiki ya ɗauka jini ne ya zuba, sai ya ɗauki matakan da yake ɗauka idan an ji rauni: zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa don a ƙara yawan jinin. Yawan jini ya ƙaru, abin da ke komawa zuciya ya ƙaru, ɗakunanta su buɗe don su ɗauka. Ita ma ƙofar ba ta tsayawa yadda take: jijiyar da ke ciyar da ita tana faɗaɗa shekara bayan shekara saboda gudun jinin, jijiyar maidowa ta kumbura ta yi kauri, hanyar ta ƙara sauƙi. Haka zuciyar da aka yi don lita 5 za ta koma tura lita 8, 10, wani lokaci fiye, ba dare ba rana, ko mutum na barci. Likitoci na ɗaukar abin da ya haura lita 8 a minti, ko lita 4 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, a matsayin wuce ƙima. Duk wannan jini dole ya ratsa huhu, don haka matsi a jijiyoyin huhu yake hawa, ɓangaren dama na zuciya ya jigata, ruwa ya fara taruwa a huhu da hanta da ƙafafu.

Abubuwa uku ne ke nuna ko ƙofar za ta kai ga haka: faɗinta, kusancinta da zuciya, da lafiyar zuciyar tun asali. Ƙaramar ƙofa a wuyan hannu na iya zama shekara ashirin ba ta dami kowa ba. Ƙofa tsakanin manyan jijiyoyin ciki biyu na iya kwantar da mutum cikin kwanaki. Matashi mai ƙarfi zai jure abin da dattijo mai hawan jini ba zai jure ba. Mace mai irin wannan ƙofa kuma sau da yawa sai ta yi ciki abin ke bayyana, domin ciki kansa na ƙara wa zuciya aiki da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari.

Tsohon rauni

A wannan yanki, wannan ne ya fi cancanta a riƙa nema. A cinya, bayan gwiwa, hamata da wuya, jijiyar kai jini da ta maidowa suna tafiya manne da juna cikin kube ɗaya. Wuƙa, harsashi, tsinin ƙarfe a hatsarin kabu-kabu, ƙahon sa, ko tsagin ƙashi da ya karye, kowanne na iya huda su biyun lokaci guda. Jini ya zuba, a danne, a ɗinke fata, rauni ya warke daga waje. A ciki kuwa ramukan biyu sun haɗe sun zama hanya. Likitan Birtaniya William Hunter ya bayyana wannan tun 1757, a hannun mutanen da masu tsaga suka huda wa jijiya a gwiwar hannu don zubar da jini. Ƙauyukan bakin iyaka na Madarumfa da Gidan Runji sun ga raunukan bindiga da yawa a ƴan shekarun nan, kuma ba kowane wanda ya tsira aka duba masa jijiyoyi ba. Gazawar zuciyar na iya zuwa bayan shekara biyar, goma, ko talatin, lokacin da mai tabon ya manta da shi, ba zai kuma ambata wa likita ba sai an tambaye shi kai tsaye: “Malam, an taɓa sukar ka ko harbin ka? Nuna mini wurin.”

Asibiti ma na iya jawo ta. Allurar da ake sokawa a matsematsi don zura siririn bututu cikin jijiya takan ratsa jijiyoyin biyu, haka aikin faifan ƙashin baya da ya zarce gaba ya taɓa manyan jijiyoyin ƙugu. Na allura galibi ƙanana ne, wasu ma sukan toshe da kansu cikin watanni.

Ƙafar da abin ya shafa tana da kamanninta. Ta fi ɗayar kauri da ɗumi, jijiyoyi sun fito sun murɗe a gefe ɗaya kawai, fatar ƙwauri ta yi baƙi, wani lokaci da gyambon da ya ƙi warkewa. Tafin ƙafar kuma yana iya yin sanyi da ciwo wajen tafiya, domin jinin da ya kamata ya isa can an sace shi a sama. Idan aka ɗora tafin hannu a kan tabon za a ji wani kaɗawa mai ci gaba a ƙarƙashin fata, idan aka sa abin sauraro kuma a ji ƙugi da ba ya yankewa tsakanin bugu da bugu. A nan akwai gargaɗi ga wanzamai da masu haƙuri gaba ɗaya: kumburin da ke bugawa ko yake kaɗawa ba maruru ba ne. Ba a yi masa sakiya, ba a yi masa tsaga, ba a kafa masa ƙaho. Jinin da zai fito daga nan tsumma ba ya tsayar da shi.

Ƙofar da likita ya buɗe da gangan

Mai wankin ƙoda na bukatar jijiyar da za a soka sau biyu ko uku a mako, ta ba injin mililita 300 zuwa 400 a minti. Jijiyar hannu ta yau da kullum ba ta iya wannan. Shi ya sa likitan tiyata ke ɗinke jijiyar kai jini da ta maidowa, ya haɗe su, dabarar da likitocin New York Brescia da Cimino da abokan aikinsu suka wallafa a 1966. Masu wanki na kiran ta fistil, kuma ba ta da alaƙa da yoyon fitsari na mata. Bayan kamar mako shida ana so ta kai faɗin milimita 6, tana gudanar da mililita 600 a minti. Har yau ita ce hanya mafi aminci ga mai wanki, ta fi bututun wuya nesa ba kusa ba wajen kauce wa ƙwayoyin cuta, don haka kada wannan bayani ya sa wani ya ƙi ta.

Matsalar tana zuwa ne idan ta girma fiye da bukata. Ta wuyan hannu yawanci tana tsayawa ƙasa da lita 1. Ta gwiwar hannu, wadda ke sha daga babbar jijiyar damtse, tana iya kai lita 2, 3, har fiye. Idan gudun ya haura lita 1 da rabi zuwa 2, ko ya cinye fiye da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na duk abin da zuciya ke turawa, an shiga yankin haɗari. Ga shi mai ciwon ƙoda dama yana da ƙarancin jini da hawan jini da ruwan da ke taruwa tsakanin wanki da wanki, kowanne na ɗora wa zuciya nasa kaya. Abin da ke ɓatar da mutane shi ne ma'aikatan wanki na son babbar fistil, ga sauƙin soka, ga inji ba ya ƙara. Shi kuma mai haƙuri idan ya yi haki sai a ce ya sha ruwa da yawa, a ƙara jan ruwa a wanki na gaba, har jininsa ya riƙa faɗuwa a kan inji, hakin kuma bai tafi ba. Wanda ake jan ruwa har ya kai busasshen nauyinsa, wato nauyinsa idan babu rarar ruwa a jiki, amma yana ci gaba da haki, kuma fistil ɗinsa ta yi kauri ta murɗe har kafaɗa, ya kamata a auna gudun jininta kafin a sake zargin sa da shan ruwa. Ga masu zuwa wanki Yamai, Damagaram, Katsina ko Kano su dawo gida, yana da kyau su nemi a rubuta musu wannan awo a takardarsu, domin likitan da zai gan su da dare a Maraɗi ba shi ne ya san fistil ɗin ba.

Waɗanda aka haifa da ita

Kowane ɗan tayi yana da wata gajeriyar jijiya da ke haɗa babbar jijiyar jiki da ta huhu, domin a ciki ba ya numfashi. Bayan haihuwa takan rufe cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan ta ƙi rufewa, abin da ya fi yawa ga bakwaini da jariran da uwarsu ta kamu da rubela, cuta mai kama da ƙyanda, tana da ƙaramin ciki, jini na kwarara daga jiki zuwa huhu ya sake komawa zuciya. Jariri ba ya kumbura ƙafa. Alamarsa ita ce ya kama nono ya saki yana haki, gumi ya jiƙa masa goshi wajen tsotso, numfashi ya wuce 60 a minti, nauyi ya ƙi hawa, ciwon haƙarƙari ya yi ta dawowa. Ana jin ƙugin a ƙarƙashin ƙashin wuya na hagu. A bakwaini ana iya rufe ta da ibuprofen, indometasin ko parasetamol a asibiti cikin makonnin farko. Yaron da ya girma magani ba ya rufe masa, sai a zura toshi ta jijiyar cinya ko a ɗaure ta da tiyata, aikin da Robert Gross ya fara yi cikin nasara a Boston a 1938. Jinkiri a nan yana da mummunan sakamako: idan babbar ƙofa ta daɗe, jijiyoyin huhu sukan ƙandare, jini ya juya baya, yatsun ƙafa su yi shuɗi, kuma daga nan rufe ta haɗari ne.

Akwai wadda ta fi wannan wuya, inda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke zuba kai tsaye cikin wata babbar jijiya a tsakiyar kai, wadda ake kira da sunan Galen. Jaririn na shiga gazawar zuciya a kwanakin farko, a duba zuciya a ga ƙirarta daidai ce. Abin sauraro a kan maɗiga zai ba da ƙugi, hoton eko, irin wanda ake duba mai ciki da shi, ta maɗigar kuma ya nuna jakar jinin. Maganinta toshewa da gam na musamman ta cikin jijiya, kuma idan magani ya riƙe jaririn an fi so a jira ya kai wata huɗu zuwa biyar. Ƙullin jijiyoyi a hantar jariri ma na yin haka, kuma wani nau'insa na jin maganin propranolol.

A manya akwai ciwon gado da ake kira Rendu-Osler, wanda ke samun kamar mutum ɗaya cikin 5,000. Alamunsa haɓo mai yawan dawowa tun yarinta, jajayen ɗigo a leɓe da harshe da yatsu, da tarihin irin haka ga uwa ko uba. Ƙananan hanyoyi ne barkatai a cikin hanta, ga kuma ƙarancin jini daga haɓon, su haɗu su gajiyar da zuciya, galibi bayan an manyanta. A nan toshe jijiyoyin hanta na iya kashe hanyoyin ɗaci da naman hantar, don haka ana guje masa. Ana gyara ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe, a ba da maganin fitsari, a manyan cibiyoyi a yi amfani da maganin bevacizumab ko dashen hanta.

Ganowa

Mai gazawar zuciya ta yau da kullum hannunsa sanyi ne, bugun jijiyarsa siriri. Mai ɓarauniyar hanya kuwa hannunsa da ɗumi, bugunsa cike yake yana dukan yatsa, zuciya na sauri ko yana hutawa, kuma tazara tsakanin lambar sama da ta ƙasa a awon jini tana da faɗi, kamar 14 da 5. Wannan saɓani, mutum cike da ruwa amma jikinsa ɗumi, shi ne ke cewa a tsaya a sake tunani. Abu na gaba shi ne a tuɓe mai haƙuri a duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, a bi kowane tabo da hannu da abin sauraro, a saurari ciki da ƙugu da wuya. Wannan ba ya cin ko dala, kuma a ganina rashin yin sa ya fi rashin na'ura ɓatar da masu wannan ciwo.

Akwai tsohon gwaji mai sunan Nicoladoni da Branham, waɗanda suka bayyana shi a 1875 da 1890. Likita na ƙirga bugun zuciya, sannan ya danne ƙofar da yatsa, ko ya hura abin awon jini a samanta har ƙugin ya ɗauke. Idan ƙofar na ɗaukar jini mai yawa, nan take bugun zai ragu, lambar ƙasa ta awon jini ta hau. Rashin ganin haka bai wanke ƙofar ba, musamman ga mai ciwon suga ko mai shan maganin rage bugun zuciya. A wuya kuma ba a yin wannan danniya da wasa.

Kafin a ɗora laifi kan jijiya, sai an cire sauran abubuwan da ke sa zuciya gudu haka. A ƙasarmu na farko shi ne ƙarancin jini, daga zazzaɓin cizon sauro, haihuwa kusa da kusa, tsutsar ciki ko sikila. Sai yawan aikin maƙoƙo, ciwon hanta, rashin bitamin B1, da ƙiba mai yawa. Wani bincike na asibitin Mayo a Amurka da aka wallafa a 2016 kan mutum 120 masu irin wannan gazawar zuciya ya sami ɓarauniyar hanya a kusan ɗaya cikin huɗu, ƙiba ce ta zo gaba. Don haka awon yawan jini, na maƙoƙo, na hanta da na ƙoda suna cikin aikin farko.

Hoton eko na zuciya yakan nuna ɗakuna sun buɗe, matsawa na nan da kyau a farko, matsin huhu ya hau. A nan ake yawan tuntuɓe, a karanta cewa ƙarfin matsawa kashi 60 ne a ce wa mutum zuciyarsa lafiya lau. Dole a roƙi mai hoton ya lissafa lita nawa take turawa a minti. Eko mai launi na jijiyoyi, wato dopla, shi ke nuna ramin da faɗinsa da gudun jinin. A fistil ɗin wanki ana auna gudun a jijiyar damtse, domin awo a kan kumburarriyar jijiyar maidowa ba ya ba da lamba ta gaskiya. Sikana, wato hoton CT, da ruwan allura na zana taswirar da likitan tiyata zai bi, amma ruwan na iya taɓa ƙoda, shi ya sa ake auna ƙodar tukuna.

Magani

Ƙwayoyi na sayen lokaci ne kawai. Furosemid, wanda ƙwayarsa ta saba zuwa da miligiram 40, yana fitar da ruwa ya sassauta numfashi, tare da awon gishirin jini da ƙoda lokaci zuwa lokaci, domin yana zubar da potasiyam. Ga mai wankin da ba ya fitsari ba ya aiki, sai dai a daidaita jan ruwa a inji. Gishiri ya koma ƙasa da giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokali guda, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen magi, kanwa, kilishi da busasshen kifi. Kunun kanwa na jego ga macen da ke haki haɗari ne kai tsaye. A riƙa hawa sikeli da safe: ƙarin kilo 2 cikin kwana uku ruwa ne, a koma asibiti. Diklofenak da ibuprofen na masu tallar magani a tire suna sa ƙoda riƙe gishiri, suna iya rushe aikin wata guda cikin mako.

Wasu magungunan da ke ceton mai gazawar zuciya ta yau da kullum suna iya cutar da wannan. Masu buɗe jijiyoyi, irin su amlodipin, hidralazin, kaptopril da danginsa, suna ƙara sassauta hanyar da dama ta yi sako-sako, jini ya faɗi, ƙoda ta ƙara riƙe ruwa. Masu rage bugun zuciya irin su atenolol na hana ta saurin da take rayuwa da shi. Ba a haramta su ba, mai hawan jini na gaske na iya bukatar su, amma likitan da ya san da ƙofar ne zai yanke. Ƙarin jini idan ya zama dole a yi shi sannu a hankali tare da maganin fitsari, ƙarin ruwa kuma ba a rataya shi don kawai mutum ya ce ya gaji.

Warkewa na ga rufe ƙofar. A ta rauni, likitan tiyatar jijiyoyi na kama jijiyoyin biyu sama da ƙasa, ya raba su, ya ɗinke ramin kowacce, idan jijiyar kai jini ta lalace ya yi mata faci ko ya maye gurbin da guntun jijiyar ƙafa. Inda akwai kayan aiki ana zura bututun raga mai rufi ta cikin jijiya ya lulluɓe ramin, ko a cusa zaren ƙarfe ko gam idan reshen da ke ciyar da ƙofar ƙarami ne. Kuskuren da aka daɗe da sani shi ne a ɗaure jijiyar kai jini daga sama kawai a bar ramin. Ƙananan rassa za su kewayo su ci gaba da zuba cikin ƙofar, jinin da ya rage wa ƙafa ya bi can, ƙafa ta mutu. Haka yake ga ƙullin jijiyoyi na haihuwa: ɗaure mai ciyarwa na toshe wa likita hanyar shiga ne kawai, ƙullin ya jawo sababbi. Cibiyar ƙullin ake toshewa, sau da yawa a zama da dama, kuma yakan sake tsirowa. Tsohuwar ƙofa aikinta na da zubar jini, domin wurin cike yake da kumburarrun jijiyoyi masu matsi, don haka sai an tanadi jini da masu ba da shi kafin ranar.

Fistil ɗin wanki ita ce mai wuyar hukunci, domin ita ce rayuwar mai ita. Zaɓi na farko a rage ta: a ɗaura zare ko ƙyalle a wuyan jijiyar kusa da ɗinkin, a matse ta zuwa milimita 3 zuwa 5, ana auna gudun da dopla a kan teburin aiki har ya sauka ƙasa da lita 1 ba tare da ya gaza abin da inji ke bukata ba. In an matse da yawa jini ya daskare a rasa fistil, in an yi sako-sako gudun ya dawo, kuma dawowarsa cikin shekara ba baƙon abu ba ne. Akwai kuma mayar da mashayarta zuwa ƙaramar jijiyar ƙasan gwiwar hannu. Idan zuciya ta jigata sosai, a ɗaure ta gaba ɗaya a koma bututun wuya ko wankin ƙoda da ake yi ta bututu a ciki, da sanin haɗarin ƙwayoyin cuta. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ta kama da kyau, babbar fistil ba ta da sauran amfani da zai kai nauyin da take ɗora wa zuciya, sai a tattauna ɗaure ta. Tun farko ma, mai raunin zuciya an fi so a yi masa ta wuyan hannu, da ƙaramin ɗinki.

Sa'o'in farko bayan rufewa suna bukatar ido. Ruwan da jiki ya tara shekaru yana nan, ga hanyar da yake bi an toshe. Matsin jini na iya hawa, bugu ya ragu, ruwa ya cika huhu, musamman ga zuciyar da ta riga ta raunana, shi ya sa ake ajiye mutum inda ake sa ido da maganin fitsari a kusa. Yawan fitsari a kwanakin nan alama ce mai kyau. Faffaɗar jijiyar maidowa da gudu ya ragu a cikinta na iya daskarar da jini, gudan ya tafi huhu, don haka ake ba wasu maganin tsinka jini da safa mai matsewa, a kuma tashe su tafiya da wuri. Ana duba ɗumi da bugun ƙafar ko hannun sa'a bayan sa'a a daren farko. Bayan wata uku zuwa shida a maimaita eko: idan ɗakunan zuciya sun ragu, likita ya fara janye magunguna ɗaya bayan ɗaya, idan kuwa ba su ragu ba, ko dai an makara naman zuciyar ya riga ya lalace, sai a ci gaba da maganin gazawar zuciya na dindindin, ko kuma akwai sauran rami da bai toshe ba, a koma kan dopla a neme shi.